Usur ba ya auna ƙafar kurma

A ƙasar Kurfai, kamar sauran sassan Nijar, ciwon sanƙarau ya daɗe yana zuwa da rani, ya ɗauki rayuka, ya bar waɗansu yara da kurumta. Annobar 1995 tana cikin mafi muni da ƙasar ta gani. Gundumar Filinge ce aka zaɓa a watan Satumba na 2010 don fara allurar rigakafin nan ta MenAfriVac a Nijar. Amma allura ba ta mayar da jin wanda ya riga ya rasa shi.

Uban da ke son ɗansa kurma ya yi karatu da maganar hannu yakan kai shi babban birni: makarantar Hassane Bana Ba a Yamai, tafiyar kilomita kusan 180 daga Filinge, ko makarantun kurame na Maraɗi da Damagaram. Can yaron zai tarar da darasin motsa jiki, da malami riƙe da agogo da littafin maki. To, mene ne ainihin abin da makin nan ke aunawa?

A tseren da ake tayarwa da usur, kurma yana jira ya ga ƴan'uwansa sun zabura kafin ya bi. Lokacin da ya ɓata na kunne ne, sai a rubuta shi a kan ƙafa. Tun 1924 kurame ke da gasarsu ta duniya, wadda aka fara a Paris. A can fitila da tuta ke tsaye a madadin usur da bindigar tashi. Ƙyalle ɗaya a hannun malami ya isa ya gyara wannan a filin makaranta.

Akwai abin da ya fi wannan ɓoyuwa. A cikin kunne, kusa da wurin ji, akwai gaɓar da ke daidaita tsayuwar mutum. Sanƙarau yakan lalata su biyun tare. Irin wannan yaro da ido yake riƙe jikinsa: a ce ya tsaya da ƙafa ɗaya ya rufe ido, nan take ya karkace, da almuru ma tafiyarsa takan zama tangaɗi. Abokinsa da aka haifa kurma sau da yawa ba ya da wannan matsala, yana iya langa da kokawa kamar kowane ɗan Kurfai. Malamin da ya gwada su da ma'auni ɗaya bai yi adalci ba, ko da niyyarsa mai kyau ce. Abin da ya dace shi ne a san sanadin kurumtar tun ranar rajista, a nuna motsi da jiki kafin a nema, sa'an nan a kwatanta yaro da yadda yake a farkon shekara.

Nijar ta kafa dokar kare naƙasassu a 1993, ta kuma amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu a 2008, wadda sashenta na 30 ya ambaci wasanni a makaranta. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya kai ɗansa Yamai yana da ikon tambayar malami, ranar karɓar sakamako, da wace alama aka tayar da tseren.