Shekara hamsin John Fogerty yana neman waƙoƙinsa

A watan Agusta na 2025 John Fogerty, mawaƙin rok na Amurka, ya fitar da faifai mai suna Legacy yana da shekara 80 a duniya. Waƙoƙi 20 ne a ciki, babu sabuwa ko ɗaya. Duk ya tsara su ne tun yana matashi, ya sake shiga ɗakin naɗar sauti ya rera su, 'ya'yansa Shane da Tyler suna taya shi kiɗa. Wanda bai san tarihinsa ba sai ya ce tsoho ne ya rasa abin faɗa ya koma ɗumame. A ganina an yi masa rashin adalci idan aka faɗi haka.

An haifi Fogerty a 1945 a Berkeley ta jihar Kalifoniya. Shi da wansa Tom da abokan makarantarsa biyu, Stu Cook da Doug Clifford, su ne ƙungiyar Creedence Clearwater Revival. A 1969 kaɗai sun fitar da manyan faya-fayai uku, kuma John ne mai tsarawa, shi ne mai rerawa, shi ne mai jan ragamar jita. A shekarar ce Proud Mary ta fito, waƙar wani jirgin ruwa da ke ratsa kogin Misisipi, wadda ya fara tsarawa cikin murnar samun takardar sallama daga rundunar sojan ko-ta-kwana. Ta kai matsayi na 2 a jerin waƙoƙi na mujallar Billboard. A 1971 Ike da Tina Turner suka maimaita ta da salonsu, ta ƙara yaɗuwa.

Matsalar tana cikin yarjejeniyar da samarin suka sa wa hannu da kamfanin Fantasy na Saul Zaentz. A harkar waƙa haƙƙin mallaka iri biyu ne. Akwai na baituka da karin waƙa, wanda ke kawo kuɗi duk lokacin da aka sa ta a rediyo ko a fim ko wani ya maimaita ta. Akwai kuma na sautin da aka naɗa a faifai. Dukansu biyu kamfanin ya riƙe. Da ƙungiyar ta watse a 1972, Fogerty ya tarar har yanzu ana bin sa bashin wasu faya-fayan. A 1980 ya sadaukar da kasonsa na kuɗin tsofaffin faya-fayan don kawai a rabu da shi.

Ba a rabu da shi ba. A 1985 ya dawo da faifan Centerfield, sai Fantasy ya maka shi a kotu cewa sabuwar waƙarsa The Old Man Down the Road kwaikwayon Run Through the Jungle ce, wadda shi ɗin ya tsara a 1970, amma mallakar kamfani ce. Wato ana tuhumar mutum da satar fasahar kansa. A 1988, a wata kotu a San Francisco, ya hau kujerar ba da shaida da jitarsa a cinya, yana kaɗa wa masu taya alƙali yanke hukunci wannan yana kaɗa waccan, yana nuna musu cewa kamar da suke ji salon hannunsa ne, waƙoƙin kuwa daban suke. Ya yi nasara. Batun wa zai biya kuɗin lauyoyi ya kai har Kotun Ƙolin Amurka, wadda ta goyi bayansa a 1994.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne shirun da ya yi. Kusan shekara 15 ya ƙi rera waƙoƙin Creedence a dandali, don kada amfaninsu ya koma aljihun Zaentz. A 1987, kamar yadda yake ba da labari, mawaƙi Bob Dylan ya gargaɗe shi cewa idan ya ci gaba da ƙin rera Proud Mary, duniya za ta ɗauka waƙar Tina Turner ce. Nan take ya rera ta. Har jitarsa ƙirar Rickenbacker, wadda ya rubuta wa ACME da fenti a ka, ya bayar da ita bayan watsewar ƙungiyar. Sai a 2016 matarsa Julie ta nemo masa ita.

Kamfanin Concord ya sayi Fantasy a 2004, Zaentz ya rasu a 2014, sannan a Janairun 2023 Fogerty ya sayi kaso mafi rinjaye na haƙƙin baituka da karin waƙoƙinsa. Tsohon sautin kuwa ya ci gaba da zama a hannun Concord. Shi ya sa ya sake naɗa, ya kuma liƙa wa kowace waƙa alamar cewa wannan ta John ce, irin hanyar da mawaƙiya Taylor Swift ta bi da nata faya-fayan. Bai sauya tsarin kiɗan ba, ya bi shi daki-daki yadda yake a da, kuma muryar nan mai kaushi tana nan da ƙarfinta.

Duk da haka ba zan ce sabuwar Proud Mary ta kai ta 1969 ba. Waccan mutum huɗu ne suka kaɗa ta, waɗanda suka shekara goma suna kiɗa tare kafin duniya ta san su. Tom ya rasu a 1990 ba su gama shiryawa da ƙanensa ba. A 1993, ranar da aka karrama ƙungiyar a zauren tunawa da gwarazan rok, John ya ƙi yin kiɗa tare da Cook da Clifford, yana ganin sun goyi bayan Zaentz. Zaluncin da aka yi masa gaskiya ne, amma su ma suna da rabo a wannan sauti, kuma mai saurare da kyau zai ji rashin gangar Clifford a sabon faifan.