Amsar Wasiƙa: Yaya Ake Gane Igiyar Ƙarfe Ta Fara Lalacewa?

Wani mai sauraronmu daga Funtuwa, mai aikin haƙa rijiyar burtsatse, ya aiko yana tambaya: shin akwai yadda za a gane igiyar ƙarfe ta kusa tsinkewa ba tare da an yanka ta an duba ba?

To, malam, akwai. Ita dai wannan igiya, wadda wani Bajamushe, Wilhelm Albert, ya ƙirƙiro a 1834 don aikin haƙar ma'adinai, tufka ce kamar igiyar rama. Irin da aka fi gani tana da tufka 6, kowace da silin waya kamar 19. Don haka ba rana ɗaya take lalacewa ba. Sili-sili take karyewa, sau da yawa ma daga ciki inda tsatsa ke ci ido bai gani ba.

Injiniyoyi da maganaɗisu suke dubawa, wato mayen ƙarfe. Akwai na'urar da ake rufa wa igiyar, ta cika ta da ƙarfin maganaɗisu, sannan a ja igiyar ta ciki. Inda sili ya karye, ƙarfin nan sai ya ɓulɓulo waje kamar ruwa a fasasshen tiyo, na'urar ta nuna wurin. Igiya kuwa ko ƙwarzane ba ta samu ba.

Kai da ba ka da wannan na'ura fa? Sauke kaya, kashe inji, ka sa safar hannu mai kauri. Goge giris, ka riƙe tsumma ka bi igiyar a hankali. Duk inda tsumma ya maƙale, sili ya karye. Ka fi sa ido kusa da ƙugiya da wuraren da take yawan lanƙwasa. Inda ta rame, ko ta buɗe kamar sheƙar tsuntsu, ko jan gari na fitowa tsakanin tufka, cikinta ya ciwu.

A dokar aiki ta Amurka, in aka ƙirga sili 6 karyayyu cikin tsawon da tufka ɗaya take zagayo igiyar sau ɗaya, ajiye ta ake yi. Kai ma ajiye ta, kada ka ƙulla, kada ka kai wa mai walda. Kuɗin sabuwar igiya bai kai ran yaron da ke tsaye ƙarƙashin kaya ba.

Sai mun ji daga gare ku.