Zabon Gida Da Zabon Daji

Ran nan a kasuwar Sabon Gari wani mai sayar da hatsi ya tare ni da tambaya. Ya ce, "Malam, na gina wa zabina ɗaki, ina ba su dawa safe da yamma, ba na barinsu fita. Ga ƙwai suna yi, amma kaza ta kwanta a kan goma sha biyu, uku kaɗai suka ƙyanƙyashe. Ina laifin?" Na ce masa laifin na ɗakin ne. To, ga bayani, don na san ba shi kaɗai ba ne.

Zabon gida da na daji asalinsu ɗaya. Na daji yana wuni yana yawo, yana tsince gara da fara da 'ya'yan ciyawa, da dare ya hau bishiya. Da farkon damina sai su rabu biyu-biyu, kowane namiji da matarsa. Zabuwa ta ɓoye cikin ciyawa ta yi ƙwai shida zuwa goma sha biyu, ta kwanta kwana 26 zuwa 28. Amma fa kada a yi zaton daɗi take ji. Shaho yana sama, tunku da maciji suna ƙasa, ga maharbi, ga wutar daji. Dajin ma yana ƙarewa. A nan Samaru, tun da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, gidaje da gonaki sai cin fili suke yi.

Ta gida kuwa, idan ana kwashe ƙwanta ana bar mata ɗaya ko biyu a gurbi, ba ta dainawa, tana iya wuce hamsin a damina guda. Wannan ita ce ribar kiwo. Sai dai zabo bai manta da daji ba. In aka kulle shi wuri ƙuntatacce, barbara takan ragu ƙwarai, domin namiji yana son fili ya yi ta bin matarsa da gudu tukuna. Ƙwai ya fito ba ɗa a ciki. Ko a Faransa, inda ake kiwon zabi dubbai cikin keji, ma'aikata ne ke ɗibar maniyyin namiji su sa wa mata da hannu. Mu ba mu da wannan hali. Ga kuma tsutsar ciki, wadda ke yaɗuwa inda kashi ya taru wuri ɗaya, kuma dawa zalla ba ta maye gurbin gara.

'Ya'yan su ne ya kamata a tsare. Zabuwa ba ta iya reno ba: takan ja su cikin raɓa da sassafe, sanyi ya kashe su. Saboda haka a ba kaza ƙwan, in sun fito a ajiye su tare da ita wuri busasshe har mako shida, ana kawo musu gara da tsakin dawa da ruwa a kasko marar zurfi.

Manya kuwa a sake su da hantsi, a watsa musu hatsi da yamma a wuri ɗaya kullum don su saba da dawowa. A kuma duba kada maza su yi kaɗan. Mai kuka gaɓa biyu ita ce mace, namiji gaɓa ɗaya yake maimaitawa. Da abokin namu ya koma ya saurara, cikin zabinsa tara namiji ɗaya ya samu.