Cin kifi a bakin teku

Ƙasarmu Nijar ba ta da teku. Kifin da muka sani na kogin Kwara ne, ko na tabkin Madarunfa. Amma wata rana kana iya zuwa hutu Lome, babban birnin Togo, wanda ke bakin teku.

Can, masunta suna fita da jiragen katako, su komo da kifi da jatan lande da ƙaguwa. A shekarar 2019 aka buɗe musu sabuwar tasha. Gidajen abinci na bakin ruwa suna saye wurinsu, su gasa, su haɗa da tuwon masara da ake ce ma akume. A mazhabar Malikiyya, naman teku halal ne, ba sai an yanka ba.

To amma fa a yi hattara. Kifi yana saurin lalacewa cikin zafi, kuma ruɓaɓɓen kifi yana kawo amai da zawo. Kafin a gasa, ka ce a gwada maka shi. Idonsa ya zama garau. Ka ɗaga kunnensa, cikin ya zama ja. Ka danna da yatsa: in wurin ya lotsa bai taso ba, ko ka ji wari, bar shi. In ba ka taɓa cin jatan lande ba, fara da kaɗan, don yana sa ma wasu ƙaiƙayi da kumburi.

Kuɗinsu sefa ne irin namu. Ka tambayi farashi tun kifi bai hau wuta ba.