Yadda tururuwar hamadar Amurka ke auna faɗa kafin ta shige shi

A hamadar kudu maso yammacin Amurka, musamman jihohin Arizona da New Mexico, akwai wata jar tururuwa mai tara 'ya'yan ciyayi, wadda masana ke kira Pogonomyrmex. Wajen tanadin abinci ta yi kama da tururuwar da ke jan hatsi a gonakin Arewa, sai dai ita tana harbi, kuma dafinta na daga cikin mafi ƙarfi da aka taɓa aunawa a jinsin ƙwari.

Marigayi Justin Schmidt, masanin ƙwari da ya tsara ma'aunin raɗaɗin harbi daga maki 1 zuwa 4, ya ba ta maki 3, alhali ƙudan zuma maki 2 ya samu.

Idan aka taɓa gidanta, takan kama fata da baki, ta lanƙwasa ciki ta yi harbi, sannan ta saki wani sinadari mai wari da ke kiran 'yan'uwanta su kawo ɗauki.

Duk da haka, ba kowace tsokana take mayar wa martani ba. Farfesa Deborah Gordon ta Jami'ar Stanford, wadda ta shafe shekaru da dama tana bibiyar ɗaruruwan gidajen tururuwar, ta gano cewa yawancin haɗuwar maƙwabta a wurin neman abinci ba ta kaiwa ga faɗa.

Binciken nata ya nuna cewa gida mai shekara 3 zuwa 4 ne ya fi nacewa a kan filin da ake taƙaddama, a daidai lokacin da yake bunƙasa da ƙanana masu buƙatar abinci. Wanda ya kai shekara 5, mai ma'aikata kimanin 10,000, yakan kauce ya nufi wani ɓangaren.

Akwai kuma lissafin ruwa. Duk tururuwar da ta fito cikin rana ruwan jikinta na raguwa, kuma daga 'ya'yan ciyayin da take ci ne take mayar da shi. Doguwar rigima asara ce ga gidan baki ɗaya.

Haka lamarin yake idan ƙadangare mai ƙaho ya yi mata kwanton ɓauna. Dafin ba ya yi masa illa sosai, don haka gidan kan dakatar da fita na wani lokaci, ya dogara da abin da ya tara a rumbu.