Yadda Ake Gane Gasket Ya Ƙone A Injin Mota

Sau da yawa, musamman da bazara, akan ga mota a gefen hanya an ɗaga bonet, tururi yana tashi. Wani lokaci laifin ƙarami ne: tiyo ya tsage, ko fambel ya tsinke, ko lagireto ya toshe. Amma idan aka cika ruwa yau, gobe aka tarar ya ragu alhali babu ɗigo ko ɗaya a ƙasa, to sai a fara zargin gasket.

Gasket wani siririn faifai ne da aka matse tsakanin gangar jikin inji da murfinsa na sama, wanda kanikawa ke kira top silinda. Abubuwa uku ne ke ratsa wurin, kowanne da hanyarsa: iskar da ke ƙonewa a cikin silinda, da ruwan sanyaya inji, da baƙin mai. Aikinsa shi ne hana su cuɗanya. Idan inji ya ɗauki zafi fiye da kima, murfin yakan tanƙware, domin a motoci da dama da alminiyam aka yi shi, wanda zafi ke buɗa shi kusan ninki biyu na ƙarfen da ke ƙarƙashinsa. Da zarar an sami 'yar kafa, sai hanyoyin su haɗe.

Inda suka haɗe shi ke nuna alama. Idan ruwa ya shiga silinda, farin hayaƙi mai kauri zai riƙa fita ta salansa ko bayan inji ya yi ɗumi. Kada a rikita shi da ɗan tururin safiyar hunturu, wanda ke gushewa cikin 'yan mintoci. Idan cikin mai ya shiga, sai man ya koma kamar shayi da madara. Wannan alamar kaɗai ba ta isa hujja ba, domin motar da ba ta yin doguwar tafiya ma takan tara irin wannan kumfa a ƙarƙashin murfin mai.

Gwajin da ya fi gamsarwa na kimiyyar sinadarai ne. Akan ɗora kwalba mai shuɗin ruwa a bakin lagireto, a tayar da inji, a zuƙo iskar ciki ta ratsa ruwan. Idan hayaƙin silinda yana kutsawa cikin ruwan sanyayawa, iskar kabon dayokzayid da ke cikinsa za ta mai da shuɗin rawaya.

Sai dai kada a kuskura a buɗe murfin lagireto inji yana da zafi. Ruwa yakan tafasa a digiri 100, amma matsin da murfin ke riƙewa yakan kai ma'aunin kusan digiri 120. Ana buɗewa matsin zai faɗi, ruwan ya tafasa nan take, ya yi feshi a fuska da hannu. A jira inji ya huce tukuna.