Ko Kun Sani? Sukari Yana Hana Santsi a Jirgin Ruwa

Ko kun san wasu masu gyaran jiragen katako sukan barbaɗa sukari ko gishiri a kan ɗanyen fentin daɓen jirgi? Da zarar fentin ya bushe sai su wanke da ruwa. Ƙwayoyin su narke, su bar 'yan ramuka birjik da ke riƙe tafin ƙafa ko da daɓen ya jiƙe sharkaf. Sai dai datti kan maƙale a ramukan.

Akan kuma barbaɗa yashi ko garin roba maimakon sukari. Yashi ya fi ƙarko nesa ba kusa ba, amma yana ɗaye gwiwar mai durƙuso, kuma ranar kankare shi sai an yi gumi. Garin roba ya fi daɗin takawa.

Inda ake yawan tafka asara shi ne wajen zaɓen fentin kansa. Katako yana kumbura da damshi, ya tsuke da rana. Fenti mai tauri, irin wanda ake haɗa ruwa biyu, yakan tsage a mahaɗar alluna, ruwa ya shige, ruɓa ta biyo baya. Ga jirgin alluna, ku nemi fentin mai na jiragen ruwa, mai miƙewa tare da itacen.